Kaskon Dalma da Gyaɗar Suna

Duk wanda ya zo ba ni haƙuri a kan maganar yayana, da "ai kasko ne kawai" yake farawa. To ba kasko ne kawai ba. Na gaji da yin bayani a tsaye a bakin kasuwa, wuƙa a hannu, mutum yana gyaɗa kai alhali hankalinsa na kan tsokar da nake yanka masa. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda abin ya faru, ko na huta da maimaitawa.

Mu mahauta ne iyaye da kakanni, a nan Talata Mafara. Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Da Allah ya yi masa rasuwa, yayana ya riƙe gidan gado da tukubar tsire, ni kuma da na yi aure na kama haya a wata unguwa. Amma sana'a ba ta raba mu ba. Da safe muna mayanka tare, da yamma muna tukuba tare, ni ke haɗa yaji ina shafa wa nama ƙuli, shi ke kula da wuta da masu saye. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, wannan ban taɓa musantawa ba. Matsalar ita ce a wurinsa har gobe ni yaro ne, kuma duk abin da na mallaka nasa ne, bai dai riga ya buƙace shi ba.

Fitilun tukuba ne suka ja ni cikin harkar lantarki. Muna sayen irin masu cajin nan, su yi 'yan makonni su mutu, mu sake saye. Wata rana haushi ya sa na kwance ɗaya da bakin wuƙa, sai na ga ƙwayayen fitilar lafiyarsu ƙalau, wani ɗan koren allo ne da bai kai akwatin ashana ba ya ƙone. Na bi bidiyoyi a waya har na gane aikinsa. Masu harkar suna ce masa direba, shi ke auna wutar da za ta fito daga batir ta shiga ƙwayayen, kada ta yi yawa su ƙone, kada ta yi kaɗan su dushe. Daga nan fa na kamu. Wani mai sayar da kayan gyaran waya da ke zuwa sari Kano shi ya riƙa sayo mini allunan da ba a ɗora wa komai ba, da 'yan kayayyakin da ake ɗorawa a kansu, waɗansu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. In ka yi atishawa kusa da su, ka yi sallama da su ke nan.

Irin waɗannan ba a liƙa su ɗaya-ɗaya da ƙarfe mai zafi. Akwai wata dalma da ake damawa ta yi kauri, launin toka, ita ake shafawa a kowane gurbi da tsinke, a ɗauki kayan da hantsaki a zaunar da kowanne a mazauninsa, sannan a gasa allon gaba ɗaya daga ƙasa har dalmar ta narke. Mutanen da nake gani a bidiyo suna da tanda ta musamman. Ni ba ni da ita, amma na tashi ina kallon mahaifiyarmu tana suyar gyaɗa a cikin rairayi, kuma na san dalili: rairayi yana raba zafi daidai, ba ya bari gefe ɗaya ya ƙone ɗaya yana ɗanye. Sai na je Maradun wurin wani maƙeri ya buga mini kasko mai faɗi, mai kaurin gindi, shimfiɗaɗɗe. Rairayin kuwa daga bakin gulbi wajen Bakura na ɗebo shi a buhu, na wanke, na shanya, na tankaɗe da rariya har ya yi laushi kamar gari.

Ba zan ɓoye ba, ina son aikin nan fiye da yadda ya kamata magidanci ya so abin da ba ya kawo masa ko sisi. In hura gawayi a kurfoti, in ɗora kasko, in jira rairayi ya ɗauki zafi, in kwantar da allo a kai, in riƙa fifita a hankali ina kallo. Da farko ba abin da ke faruwa. Can sai tokar nan ta fara gumi, ta yi ɗan hayaƙi mai ɗaci, sai kawai ta juye ta zama azurfa tana ƙyalli daga wannan gefe zuwa wancan, kayan da na ajiye a karkace su ja jiki su daidaita da kansu. A wannan lokacin ake ɗauke allo, in ka ƙara jinkiri ya toye. Sanin wuta na tukuba ya yi mini rana a nan. Bayan ya huce sai gwaji. In duba da madubin ƙara girma ko dalma ta haɗe ƙafafu biyu da bai kamata su haɗu ba, in sa mita in auna, in jona batir ina kawar da fuska. Wani ya yi tartsatsi ya mutu nan take, wani ya kama yana kyaftawa, wani ya kama da kyau amma in ka taɓa shi da bayan yatsa ka ji zai ƙona ka. Mita ba ta yi mini ƙarya. Allo ko yana da lafiya ko ba shi da ita, kafin shayina ya huce na sani. Na farko da ya ci gwaji shi na haɗa wa fitilar da ke rataye a kan tukubarmu, kuma tana nan tana ci har yau.

A kan rairayin nan kuma nake kwance tsofaffin alluna. In gasa su, in buga gefensu, kayan su zubo in tsince masu amfani, narkakkiyar dalma kuwa ta ɗiga ta shige cikin rairayi. A hankali rairayin ya cika da ita, ƙanana-ƙanana, waɗansu ido ma ba ya gani sai an karkata shi a rana. Mu a Zamfara ba a yi mana dogon bayani a kan dalma. Kowa ya ji labarin ƙauyukan masu haƙar zinari, inda aka riƙa daka dutse a tsakar gida, yara suka riƙa suma suna mutuwa, waɗanda suka rayu kuma waɗansunsu ba su koma daidai ba. Saboda haka ban taɓa kai kayan nan gidana ba, don a lokacin 'yata ta fara yawo tana kai komai baki. A ɗan shagon da ke jikin zauren gidan gado nake aiki, in gama in wanke hannu da sabulu, in canza riga, in sa kwaɗo in kulle. Na shafa wa hannun kaskon jan fenti. Na tara mutanen gidan na faɗa musu da bakina cewa wannan kasko da rairayinsa guba ne, ko akuya kada a bari ta lasa. Yayana yana zaune a wurin yana sakace, har ya ce, "Mun ji, injiniyan tukuba." Yana da ɗan makullin shagon, don gidan a hannunsa yake.

Ranar da abin ya faru mun taso daga mayanka da hantsi, na biya shagon da niyyar gasa waɗansu alluna da na shirya tun jiya. Kwaɗo yana kulle yadda na bar shi. Na buɗe, ga kurfoti, ga mita a rataye, ga alluna a rufe da kwano, babu kasko. Buhun ragowar rairayi mai tsabta yana nan a lungu ba a taɓa shi ba, wanda ke cikin kaskon ne ya tafi tare da shi.

Na sami yayana a ƙofar gida yana wasa wuƙa.

"Yaya, ina kaskona?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Yayarka ta tahi da shi Damri jiya. Ƙanwatta ta haihu, gobe suna, za su soya gyaɗa ta baƙi."

Matarsa yake nufi, 'yar Damri ce.

"Da rairayin?"

"To da mi za a soya in ba rairayi ba? Cewa ta yi ba ta taɓa ganin mai laushi irinai ba."

"Yaya, dalma ta cika rairayin ga! Gabanka na hwaɗi!"

"Kai, rage murya. Na sa an juye shi an wanke kaskon da omo kahin a maida. Rairayi kau ƙasa ce, da ita akan yi taimama. Kuma bisa wuta za shi hau. Mi ka rayuwa bisa wuta?"

Wannan magana ita ce ta fi ƙona mini rai, har yanzu da nake rubuta ta, domin na san daga inda ta fito. Mu mahauta da ita muka tashi. Nama ya kwana ya ɗan canza, a ce a kai shi wuta. Ƙuda ya sauka, a ce wuta za ta gyara. Tsire ya faɗi ƙasa, a kaɗe a mayar kan tukuba. A wurin yayana babu ƙazantar da ta fi ƙarfin garwashi, kuma shekara da shekaru yana ciyar da gari a kan wannan imani ba wanda ya kawo ƙara. Na ce masa dalma ba ƙwayar cuta ba ce da za ta mutu, ƙarfe ce, wuta narkar da ita take yi ta ƙara bin abinci. Ya dube ni irin kallon da yake yi mini tun ina ɗan firamare in na kawo masa labarin da malami ya faɗa.

Na kira wayar matarsa, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na ce ya kira surukinsa.

"In kira Baba in ce mishi mi? A maido mani kaskon da nib ba ɗiyatai aro? Kana da hankali kuwa? Ka bari a gama suna, kaskonka ba ya ɓacewa."

Wato shi a zatonsa kaskon nake wa kuka. Abin da ke bakina a lokacin ba na faɗa wa yaya ba ne. Na tayar da babur na kama hanyar Bakura da rigar mayanka a jikina, ko gida ban biya ba. Hanya ce da ba a son a makara a kanta, amma rana tana tsaka, kuma ko da ba ta tsaka da na tafi. Abu ɗaya ke kaina, in isa kafin gyaɗar nan ta shiga bakin yara.

Tun daga bakin layin gidan na ji ƙanshi. Gyaɗa mai gishiri tana soyuwa, ƙanshin da duk duniya ba wanda ya taɓa jin tsoronsa sai ni a ranar. Na yi sallama a zaure. Dattijon, surukin yayana, yana zaune a kan buzu da baƙi biyu da suka zo barka. Mutum ne mai kwarjini, mai magana a hankali, kuma ni a wurinsa ɗa ne kuma suruki, don haka na cire takalmi na durƙusa.

"Maraba, maraba. An zo lahiya?"

"Lahiya lau, Baba. Baba, wata magana ce..."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina iyali? Ina ɗiyar taka?"

"Suna lahiya. Baba..."

"Madalla. Ya yayan naka? Ya kasuwa? Ya muka ji da ruwan bana?"

Ina amsawa ina jin ƙarar ludayi yana juya rairayi a bayan katanga, shuu, shuu, da dariyar mata. Da dattijon ya gama, baƙo na farko ya ɗauka daga farko, ina gajiya, ina iyali. Na biyu yana jiran nasa layin. Ban taɓa ƙin gaisuwa ba a rayuwata, da ita aka raine ni, amma a ranar na ji kamar in kama ta in shaƙe. Na ce, "Baba, ka gahwarce ni, magana ce ta gaggawa." Ya ɗaga hannu yana murmushi ya ce baƙo ba ya magana da ƙishirwa, a kawo ruwa tukuna.

Wadda ta kawo ruwan wata 'yar yarinya ce, ba ta fi tawa da yawa ba. Ta riƙo kofin da hannu ɗaya, ɗaya hannun a dunƙule, tana tauna, ga jan ɓawon gyaɗa a leɓenta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. An rubuta "ba shiga" a jikin bangon da baƙin fenti, na gani sarai, na wuce. Mata suka watse suna salati suna neman mayafi. Ga kaskona a kan murhu a tsakar gida, jan fentin hannunsa ya yi baƙi da hayaƙi, matar yayana na tsugune tana juyawa. Na kama shi da hannu biyu ba tsumma, na kifar da shi a ƙasa. Tafin hannuna duka biyu suka toye, sai daga baya na ji.

"Kai! Haukacewa ka yi?" in ji matar yayana. "Gidan surukai za ka shigo ka yi muna wannan?"

"Dalma! Akwai dalma cikin rairayin ga! Kada kowa ya ƙara ci!"

Na tsuguna na ɗebi rairayin da ya zube da murfin kwano, na karkata shi a rana, suka ga yana ƙyalƙyali. Dattijon ya riga ya shigo yana tsaye a bayana. Ya tambaya a hankali, "Dalma irin ta masu haƙar zinari?" Na ce ita. Ya sa aka tattaro duk gyaɗar da aka soya tun safe, da wadda aka riga aka ƙulla a leda don baƙin gobe, da wadda ke hannun yara, aka buɗe musu baki aka wanke. Ya sa aka haƙa rami mai zurfi a bayan gari, nesa da rijiya, aka zuba gyaɗar da rairayin da ƙasar da ya zuba a kanta, aka jefa kaskon a sama aka rufe. Mutumin ƙauye da bai taɓa riƙe mita ba ya gane da kalma ɗaya, yayana kuwa da ke cin hasken fitilata kullum ya ce wuta za ta gyara. Sai da aka gama dattijon ya dube ni ya ce, "Ka kyauta da ka zo. Amma gidan ga yana da ƙohwa, kuma ina zaune bakinta." Na sunkuyar da kai na ba shi haƙuri, don shi ya cancanta.

Ina shirin fita ne matar yayana ta biyo ni zaure tana kuka. Ita ban taɓa riƙe ta a zuciya ba. Ta tambayi mijinta, ya ce an wanke, mace kuwa in mai gida ya ce an wanke, an wanke ke nan. Ta ce, "Wallahi cewa ya yi ba komi." Na ce na sani. Sai ta dafe ƙirji da hannu biyu, idanunta suka fito.

"Wayyo Allah. Na aika maka da taka."

A wurinmu ba a cin moriyar kayan aro a manta da mai shi. In ka ari turmi ka aika da ɗan abin da ka daka, in ka ari tukunya ka aika da ɗan abin da ka dafa. Matar yayana mace ce mai kara, ba ta jira an gama suna ba. Suyar farko, wadda ta fara shiga rairayin tun yana cike da abin da ke cikinsa, ita ta zuba a kwano ta ba wani ɗan kabu-kabu da zai shiga Mafara, ta ce a kai gidan mai kasko. Watakila ma mun yi kiciɓis da shi a hanya, ina gudu zan ceci 'ya'yan mutane, shi yana tafiya gidana.

Layin wayata ba ya kamawa a Damri ranar. Na hau babur da ƙonannun hannuwa, ina tafe ina tsayawa ina ɗaga waya sama kamar mahaukaci, har na kusa Bakura kafin ta shiga. Maiɗakina ta ɗauka da fara'a. Ta san labarin kaskon sarai, amma ba wanda ya ce mata ya bar shago, abin da aka ce mata kawai gyaɗar suna ce daga Damri.

"Ina yarinyar?"

"Ga ta nan ta cika kumatu. Tun ɗazu nika hana ta, ta ƙi. Ta kusa cinye rabin kwanon, sai ka zo ka ga cikinta."

Ban tuna abin da na ce ba. Ta ce ihu na yi har ta saki wayar.

A asibitin garinmu suka duba ta suka ce ba su ga komai ba a jiki, amma awon dalma a jini sai an je babban asibiti. Muka je Sakkwato. Aka ɗebi jininta tana tsala kuka tana kiran sunana, muka dawo muka jira, muka koma. Likitar ta yi mana bayani tsakani da Allah. Ta ce akwai dalma a jinin, ba ta kai wadda za a kwantar da ita a ba ta magani ba, amma ga yaro babu adadin da za a ce ba komai. Ta ce a kula da abincinta, a dawo a sake awo, a sa ido a kan girmanta da jin kunnenta da karatunta. Na tambaye ta ko zai taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ta ce ba za ta iya ce mini e ba, ba za ta iya ce mini a'a ba. Na tambaye ta ko daga gyaɗar ne. Ta ce mai yiwuwa ne ƙwarai, amma awo ba ya nuna ta inda dalma ta shiga.

Wannan jimla ta ƙarshe ita yayana ya ɗauka ya yi rawani da ita. Da na koma tukuba na faɗa masa sakamakon, yana jera tsire, sai ya ce, "To ka ji. Likita ma ba ta ce gyaɗa ce ba. Wa ya kawo dalma gidan ga tun farko?" Sannan ya nuna 'yata da ke wasa da 'ya'yansa a gindin bishiya ya ce, "Ga ta nan garau. Mi ya same ta?" Ya ƙara da cewa ni ne ya kamata in nemi gafararsa, don na shiga gidan surukansa na kunyata shi a gaban mata, har ana labarinsa a Damri.

Na ajiye kwanon yajin da ke hannuna don kada in jefe shi da shi. Na ce masa kwaɗo na sa, fenti na shafa, taro na tara, kuma da hannunsa ya buɗe. Na ce ko a ranar da ya saurare ni ya kira waya ɗaya, da an tare ɗan kabu-kabun, ko an kira gidana. Kunyar suruki ta fi masa jinin ɗiyata nauyi. Mutane suka taru, aka janye ni. Washegari dattawan mahauta suka zaunar da mu, suka yi ta zagaye-zagaye, ƙarshenta dai ni ne ƙarami, ni zan yi haƙuri. Shi ba a ce ya ce komai ba, kuma bai ce ba. Har yau ɗin nan kalmar "na yi kuskure" ba ta fito daga bakinsa ba.

Na koma Damri daga baya da goro na sake gaida dattijon, mun rabu lafiya, yaran can ma an kai su awo. Shagon kuwa na kwashe kayana. Allunan da na shirya zan gasa a ranar suna nan a cikin gwangwani, dalmar ta bushe a kansu, ba a gasa ba. An ce mini akwai irin abin liƙin da ba shi da dalma, ana samu a Kano, har wani ya sayo mini. Ban buɗe ba. Masu tukuba suna kawo mini fitilunsu in ce na daina. Abu ɗaya da nake yi don jin daɗin raina, wanda ba gado ba ne, ba kuma umarnin kowa ba, shi ma ya tafi cikin ramin nan na Damri, kuma ina jin haushin wannan ma, ba zan yi ƙarya ba.

Har yanzu tare muke sana'a, tukubar ta mahaifinmu ce, ba inda zan je. Kullum da yamma ina tsaye kusa da shi a ƙarƙashin fitilar da na haɗa, hannuna dumu-dumu cikin ƙuli, wato gyaɗa, ina shafa wa nama. 'Yata tana son shi ƙwarai. In ta gan shi sai ta ruga, ya ɗaga ta sama ya ba ta tsire mai zafi, ya kalle ni ta gefen ido.

Ta shiga makaranta yanzu. Awo na biyu ya nuna dalmar ta ragu. Malamarsu ta ce tana da wasa, ba ta cika zama wuri ɗaya ba, uwarta ta ce duk yara haka suke, kuma mai yiwuwa gaskiyarta ne. Allo in na yi shakkarsa mita nake sa masa in huta. Wannan kuwa ba abin da zan jona mata in sani. In ta manta harafin da na koya mata jiya, ban san ko yarinta ce ba. In ta yi fushi ta yi jifa da kwano, ban san ko halina ta gado ba. Jiya da la'asar tana zaune a tsakar gida ta ba ni baya, tana jera duwatsu. Na kira ta, ba ta waiwayo ba. Na sake kira, shiru. A kira na uku ta juyo tana dariya ta ce, "Baba, ina ji, wasa nika yi." Na yi mata dariya ni ma, na ce ta ci gaba. Sannan na shiga ɗaki na zauna a bakin gado na ɗan jima, na sa hula na tafi tukuba, don yayana ba ya son a makara.